Wane hedifon mai kashe hayaniya ya dace da mai zirga-zirga tsakanin Rigasa da Idu?

Baban Ummi (Unguwan Dosa):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan kayan sauti a cikinmu, domin na kai wata biyu ina juya wannan magana a raina ban tsayar da shawara ba. Iyalina suna nan Kaduna, aikina kuma yana Abuja, saboda haka kowace Litinin da sassafe ina tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, ranar Juma'a kuma in hau daga tashar Idu ta Abuja in dawo gida. Tafiyar kilomita 186 ce, amma idan aka haɗa da jiran tashi da tsayawa a ƙananan tashoshi sai mutum ya kusa shafe awa uku a zaune. Burina shi ne in riƙa cin moriyar wannan lokaci da sauraren karatu da darussan da na sauke a waya, sai dai ɗan iyafis ɗin da nake da shi ba ya iya komai a gaban rurin jirgi da bugun ƙafafunsa a kan dogo. Sai na ƙure murya kafin in ji abin da malami yake faɗa, idan na sauka kuwa kunnena ya yi ta shuu har in isa ofis. Ban da wannan, nakan yi tafiya ta sama sau biyu ko uku a shekara, kuma ina da niyyar Umara in Allah ya nufa.

Guda huɗu nake dubawa: Sony WH-1000XM5, da Bose QuietComfort Ultra, da Sennheiser Momentum 4, da AirPods Max na Apple. Lokacin da suka fito, na Sony dala 400 ne, na Bose 429, na Sennheiser 350, na Apple kuma 549. Ko da a kan naira 1,500 aka lissafa dala, na Sony kaɗai ya kai naira 600,000, wato ya haura mafi ƙarancin albashi na wata takwas. Kuɗin gumi ne da na daɗe ina tarawa, ba na so in zuba su a inda zan yi da na sani. Wayata Samsung ce, ina kuma da kwamfutar ofis. Ina sanya tabarau, kuma ba na fita ba hula.

Injiniya (Barnawa):
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kafin a kai ga sunan kamfani, ya kamata ka san abin da wannan na'ura take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta, domin yawancin masu nadama ba mummunan kaya suka saya ba, sun sa ran abin da ba a yi kayan dominsa ba ne.

A jikin kowane kofin kunne akwai ƙananan makirfo, wasu suna kallon waje, wasu suna ciki kusa da kunnenka. Su ne suke ɗaukar ƙarar da ke kewaye da kai, sai wata 'yar ƙwaƙwalwa da ke ciki ta ƙirƙiro sautin da yake kishiyar wannan ƙara daidai wa daida, ta sako shi ta lasifikar. Ka ɗauka mutum biyu ne suke tura ƙofa ɗaya, wannan daga ciki wancan daga waje, kuma ƙarfinsu ɗaya: ƙofar ba za ta motsa ba. Haka iskar da ke bakin dodon kunnenka take tsayawa, sai ka ji shiru. To amma wannan dabara ta fi cin nasara a kan ƙara mai kauri wadda take tafiya a kan salo ɗaya ba ta canzawa, irin rurin injin jirgin sama, da gurnanin jirgin ƙasa, da na janareto, da na na'urar sanyaya ɗaki. Muryar mutum, da kukan jariri, da odar mota, sautuka ne masu kaifi da suke zuwa ba zato, kuma su galibi katifar kunnen ce take rage su ta hanyar toshewa, ba ƙwaƙwalwar ba.

Asalin na kamfanin Bose ma a jirgin sama ya samo tushe. Amar Bose, malami a jami'ar MIT ta Amurka, ya hau jirgin sama daga Zurik a 1978, aka ba shi abin sauraro amma rurin inji ya hana shi jin komai, sai ya fara lissafin maganin matsalar tun yana kan kujerarsa. Sai a 1989 kamfaninsa ya fitar da na matuƙa jirgi, na fasinja kuma a 2000. Saboda haka don tafiyarka ta dogo da ta sama, kana kan hanya. Idan kuwa so kake ka daina jin masu waya da ƙarfi a cikin taragu, za ka ji muryarsu ta yi nisa, amma ba za ta ɓace ba.

Ɗan Rigasa:
Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Gidanmu yana kusa da tasha, kuma tun da aka buɗe wannan layi a watan Yulin 2016 nake hawansa. Ni shawarata a cire AirPods Max daga lissafi tun yanzu, ba don ba shi da kyau ba, sai don wayar Baban Ummi ba iPhone ba ce. Zai haɗu da Samsung ta bulutut ya yi sauti, amma yawancin saitinsa da sauyawa daga na'ura zuwa na'ura an gina su ne don kayan Apple. Sannan nauyinsa giram 385 ne, alhali na Sony da na Bose suna wajen giram 250. A hannu bambancin ba ya da yawa, a wuya kuwa bayan awa biyu yana da yawa. Batirinsa ma awa 20 ne, shi ne mafi ƙaranci a cikin huɗun.

Maman Sadiƙ (Malali):
Ina yi wa kowa sallama. Ni ba masaniyar injina ba ce, amma na yi amfani da irin wannan hedifon na tsawon shekara uku, kuma akwai abin da masu gwada shi a ƙasashen sanyi ba sa faɗa mana, wato zafi. A watan Maris da Afrilu, idan ka ɗora wannan katifa ta fatar roba a kunnenka a tashar Kawo kana jiran mota ta cika, minti ashirin ya isa ka ji gumi yana gangarowa ta bayan kunne. Nawa, wanda ba zan ambaci kamfaninsa ba, a shekara ta biyu fatar ta fara ɓarewa. Wata rana na cire shi a wurin taro sai wata abokiyar aikina ta matso tana kakkaɓe mini baƙaƙen ɓarɓashi daga kan farin mayafina, ta zaci toka ce. Injin yana nan lafiya ƙalau, katifar ce ta mutu, kuma sai da na yi wata biyu kafin in samu wadda ta dace da shi.

Saboda haka tambayar da zan so Baban Ummi ya yi wa duk mai sayarwa ita ce: ana cire katifar a sa wata, kuma a ina ake samunta? Ya kuma sani cewa babu ko ɗaya cikin waɗannan manyan da aka yi don ya jure ruwa ko gumi mai yawa, don haka a riƙa goge shi da busasshen ƙyalle kafin a mayar da shi jaka, kada kuma a bar shi cikin mota a rana.

Wani abin da ya shafe mu mata shi ne hijabi. Idan aka ɗora hedifon a kan hijabi ko ɗankwali, katifar ba ta manne wa fata, iska tana shiga, rabin aikin kashe hayaniyar ya tafi. Ni sai na koma sa shi a ƙarƙashin mayafi, tare da cire manyan 'yan kunne. Ina zaton tabarau da hular Baban Ummi za su kawo irin wannan matsala.

Injiniya (Barnawa):
Hajiya ta taɓo babbar magana. Hannun tabarau yana ɗaga katifar ya bar 'yar kafa, kuma ta wannan kafa ƙara take shiga, sautin mai kauri kuma ya zube. Mai tabarau yana bukatar katifa mai laushi wadda take nutsewa ta rungume hannun tabaraun, kuma a nan ne mutane da yawa suke yabon Bose. Ita kuwa hula, idan doguwa ce irin zanna, sandar saman za ta danne ta ko ta ƙi sauka yadda ya kamata, sai dai a cire a riƙe ko a sa gajeriya ranar tafiya. Waɗannan abubuwa ba a karanta su a jikin kwali. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Malamin Kawo:
Ina neman afuwa, amma ni ban gamsu da tushen maganar ba. Baban Ummi, kai magidanci ne mai 'ya'ya a makaranta, kuma abin da za ka saurara karatu ne da darasi, wato muryar mutum ɗaya. Shin muryar malami tana bukatar na'urar naira 600,000? Akwai Soundcore Space Q45 na kamfanin Anker wanda ya fito a kan dala 150, yana kashe hayaniya, batirinsa yana kai awa 50. Akwai kuma kayan Oraimo da suke cike da kasuwanninmu, waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa ba. Ni da mai araha nake zuwa Zariya kullum, kuma ina jin labaran safe sarai. Abin da ya rage na kuɗin ai ya biya zangon karatu guda.

Baban Ummi (Unguwan Dosa):
Malam, wallahi maganarka ta shige ni, domin irinta uwargida ta faɗa mini. Abin da ya sa na karkata ga masu tsada shi ne na sayi masu araha har sau uku cikin shekara biyu, kowanne ya lalace, sai na ce ko sayen nagari ne mai da kuɗi gida. Amma ban rufe ƙofa ba. Ina so masana su faɗa mini gaskiya: mene ne ainihin abin da ƙarin kuɗin yake saya?

Injiniya (Barnawa):
Zan faɗi iya abin da na gani da kunnena. Tazarar da ke tsakanin iyafis na naira dubu biyar da hedifon na dala 150 babba ce ƙwarai. Tazarar da ke tsakanin na dala 150 da na dala 400 ƙarama ce, amma tana nan, kuma a wuri uku take fitowa. Mai tsadar ya fi cin rurin jirgi har ya taɓa wani ɓangare na muryoyi, ya fi sauƙin zama a kai na tsawon sa'o'i, sannan makirfonsa na kira ya fi tace muryarka idan kana magana a cikin hayaniya. XM5 na Sony yana da makirfo takwas, wanda ya gaje shi, XM6 da ya fito a watan Mayun 2025, yana da goma sha biyu. Ga wanda tafiyarsa ta minti arba'in ce, shawarar Malamin Kawo ita ce daidai, ba ni da ja. Ga wanda yake zama awa shida a mako cikin taragu, ga kuma awa huɗu zuwa biyar na jirgin Jidda, ƙarin yana da ma'ana idan aljihu ya ɗauka ba tare da an tauye haƙƙin gida ba.

Abin da ba zan so a ruɗe ka da shi ba shi ne maganar ingancin sauti ta bulutut. Za a ce maka Sony yana da LDAC, wata hanyar aika sauti da ta fi ta gama-gari ɗaukar bayanai, kuma gaskiya ne wayoyin Android tun daga na 8 suna gane ta, iPhone kuwa ba ta yi. Amma karatun da aka turo maka ta WhatsApp an riga an matse shi tun daga tushe, babu abin da LDAC zai ƙara masa. Abin da zai amfane ka kullum shi ne haɗuwa da na'ura biyu a lokaci guda, ta yadda kana taro a kwamfuta idan waya ta yi ƙara sai ya juya kanta da kansa. Sony da Bose da Sennheiser ɗin da ka lissafa duk suna yin wannan.

'Yar Tudun Wada (ma'aikaciyar jinya):
Yaya Baban Ummi, ni abin da ya tsaya mini a rai a cikin bayaninka shi ne wannan shuu da kake ji bayan ka sauka. Kada ka ɗauke shi da wasa. Alama ce ta cewa ƙananan gasun da ke can cikin kunne, waɗanda suke karɓar sauti, sun gaji, kuma idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraren sauti mai desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na tsawon awa 40 a mako ba tare da cutuwa ba, amma idan ya kai 90 sai lokacin ya ragu zuwa awa 4 kacal a mako. Hukumar ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Wanda ya ƙure muryar waya don ya danne rurin jirgi yana iya wuce wannan iyaka bai sani ba.

A ganina wannan ce hujja mafi ƙarfi ta sayen mai kashe hayaniya, mai tsada ne ko matsakaici: idan ƙarar waje ta ragu, ba ka da dalilin ɗaga murya. Amma amfanin yana ga wanda ya rage muryar da gaske. Na sha ganin matasa da hedifon mai kyau a kai, kuma daga kujerar da ke gefensu kana jin abin da suke saurare. Sannan ina roƙonka, tunda Allah ya sa Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna take, ka je a auna jinka kafin ka sayi komai, don ka san inda kake.

Baba Alhaji (Unguwan Sarki):
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma na ƙaru. Ina da magana biyu. Ta farko, mu nan ba mu manta da daren 28 ga Maris 2022 ba, lokacin da aka kai wa wannan jirgi hari, aka rasa rayuka, aka tafi da mutane daji, jirgin bai dawo aiki ba sai a watan Disamba. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye na gaba. Matafiyi a ƙasar nan kunnensa yana cikin kayan tsaronsa, kuma magabata sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ban ce kada a saya ba, amma ina tsoron na'urar da za ta raba mutum da abin da yake faruwa a gefensa.

Ta biyu ta shafi ladabi. Na zauna kusa da wani yaro a mota daga Mando, na yi masa sallama sau biyu bai amsa ba, sai da na taɓa kafaɗarsa. Da ya cire abin ya ba ni haƙuri cikin kunya, na kuma gane ba raini ba ne. To amma sallama haƙƙi ce, kuma abokin tafiya yana da haƙƙi. Ku gaya mini, masu ƙera abin nan sun yi tunanin wannan?

Ɗan Rigasa:
Amin Baba, Allah ya ƙara girma. Sun yi tunaninsa. Dukansu suna da wani yanayi da idan ka danna maɓalli sai makirfon su daina kashe ƙarar waje, su koma shigo da ita cikin kunnenka, ka ji mutane kamar babu komai a kanka. A na Sony ma idan ka ɗora tafin hannunka a kan kofin dama, nan take karatun zai yi ƙasa ka ji mai magana, da ka ɗauke hannu ya dawo. Ni ƙa'idata ita ce ba na kunna kashe hayaniya sai jirgi ya tashi na zauna na ga waɗanda suke kewaye da ni. A cikin tasha, da wurin binciken kaya, da lokacin sauka, yana wuyana ko cikin jaka. Idan kuma jirgi ya tsaya a inda ba tasha ba, abu na farko da nake yi shi ne cire shi. Idan dattijo ne a gefena, sai mun gaisa mun ɗan taɓa hira kafin in nemi izini in sa.

A titi kuwa ban yarda da shi ba sam. Wanda zai tsallaka titin Ahmadu Bello da rana, ko ya hau acaɓa, ko ya riƙe sitiyari, bai kamata ya rufe kunnensa ba. A cikin Keke ma ba ya da wani amfani, domin iska tana bugun makirfon ta haifar da wata ƙara ta daban. Ga kuma masu fizge, waɗanda suka san kuɗin abin fiye da yadda muke zato.

Malamin Kawo:
Wannan ya ƙara ƙarfafa maganata. Idan ba a sa shi a titi, ba a sa shi a Keke, ba a sa shi a tasha, to kwana biyu a mako kawai zai yi aiki. Duk da haka na karɓi hujjar ƙanwarmu ma'aikaciyar jinya, domin ji ba shi da kasuwa. Inda nake tsaye shi ne a sayi mai kashe hayaniya, amma ba dole sai sabon fitowa ba.

Alhaji Mai Shago (Kasuwar Barci):
Ni ɗan kasuwa ne, ko da yake ba kayan sauti nake sayarwa ba, kuma an taɓa cuta ta a kan wannan kaya, shi ya sa zan yi magana. Na sayi wani a wani shago, kwali a rufe da leda, tambari daidai, an rage mini kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, ina murna na yi ciniki. Da na isa gida na danna maɓallin kashe hayaniya, sai wata murya ta ce an kunna, amma janareton maƙwabcina yana nan a kunnena yadda yake. Ashe muryar kawai aka sa, babu komai a bayanta. Da na koma sai aka nuna mini rasit, an rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi.

Abin da na koya shi ne kada ka biya sai ka sauke manhajar kamfanin a wayarka tun daga gida. Ta Sony sunanta Sound Connect, ta Sennheiser kuma Smart Control, Bose ma yana da tasa. A gaban mai shago ka haɗa, idan manhajar ta gane shi, ta nuna sunansa da yawan cajinsa, ta ba ka damar canza saiti, to ka samu babbar alama ta asali. Sannan ka fita da shi bakin shago inda janareto yake aiki, kada ka kunna komai, ka danna maɓallin kawai. Na gaske za ka ji kamar an rufe ƙofa tsakaninka da injin. Ka sa a rubuta lambar jikinsa a kan rasit, a kuma rubuta kwanakin garanti. Wanda ya ƙi yarda da wannan, ka bar masa kayansa.

Game da na hannu, waɗanda ake kira tokumbo, akwai na ƙwarai a cikinsu, amma batirin yana cikin jiki ba a cire shi da sauƙi, kuma ba ka san shekara nawa ya yi yana aiki ba.

Maman Sadiƙ (Malali):
Tunda an zo maganar batir, a yanayin wutarmu ina ganin Sennheiser ya cancanci a sake dubansa, domin awa 60 yake yi, ninki biyu na Sony mai awa 30, Bose kuwa 24. Mai tafiya irin ta Baban Ummi zai iya yin wata guda bai nemi caja ba.

Injiniya (Barnawa):
Haka ne Hajiya, kuma sautinsa yana da daɗi ƙwarai ga mai sauraren kiɗa. Sai dai ya ɗan fi nauyi, giram 293, kuma wajen kashe ruri yawancin masu gwadawa suna sa shi a bayan Sony da Bose. Ga mai tafiyar awa shida a mako, awa 24 ma ta ishe shi mako uku zuwa huɗu, don haka ba zan sa batir a gaba ba. Dukansu ukun da cajar USB-C suke aiki, irin ta wayarsa, kuma ƙaramin fawa banki ya wadatar.

Akwai abu biyu da suka fi wannan muhimmanci ga matafiyi. Na farko naɗewa. XM5 ba ya naɗewa, kofunansa suna kwanciya ne kawai, saboda haka jakarsa tana cin wuri. Bose yana naɗewa, XM6 ya dawo da naɗewa, haka ma tsohon XM4 na 2020. Na biyu waya. Allon da ke bayan kujerar jirgin sama galibi da waya ake haɗa shi, wasu jiragen ma sai da 'yar mahaɗa mai baki biyu. Na Sony suna zuwa da wayarsu, kuma ko batir ya mutu za su ci gaba da ba ka sauti ta waya, sai dai babu kashe hayaniya. QuietComfort Ultra na 2023 yana da waya, amma sai da caji yake aiki ko da an haɗa ta. Ka kuma tuna cewa fawa banki a jakar hannu ake shiga da shi jirgi, ba a cikin akwatin da ake aunawa ba.

Idan ka karkata ga Sony, ga wani abin lura ga mai sauraren karatu. Yana da saitin da yake tsayar da sauti da zarar ya ji kana magana, don ka yi hira ba tare da ka cire shi ba. Mai bin ƙari'i da baki ko mai tasbihi a hankali zai ga karatun yana ta tsayawa. Ana kashe wannan saiti a cikin manhaja, sai a huta. Sannan wasu mutane idan sun kunna kashe hayaniya sukan ji kamar an danne musu dodon kunne, irin yadda ake ji idan jirgi yana sauka, wasu har da ɗan jiri. Yawanci yana wucewa, ana kuma iya rage ƙarfinsa, amma gara ka gano ko kana cikinsu kafin ka biya.

Ɗan Rigasa:
Baban Ummi, ranar Juma'a ni ma daga Idu zan taso. Ina da XM4, wani abokin aikina kuma yana da Bose, zan aro. Ka zo da tabaraunka da hularka, ka sa kowanne na awa guda daga Kubwa zuwa gida.

Baban Ummi (Unguwan Dosa):
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan mako uku, domin bai dace in karɓi shawara in yi shiru ba. Na fara da zuwa auna ji kamar yadda ƙanwata ta nema. An ce jina yana nan, amma an gargaɗe ni da in rage murya, kuma in koma idan shuu ɗin ya ci gaba.

Mun haɗu da Ɗan Rigasa, Allah ya saka masa da alheri. Da na sa na farko jirgi yana cikin gudu, ban kunna komai ba, ya danna mini maɓallin, sai na ji rurin ya janye kamar an zare shi daga ƙarƙashin kujera, abin da ya rage sai wani ɗan kaɗawa a ƙafafuna da muryar wata mata tana rarrashin ɗanta a bayanmu. Na kunna karatu a ƙasa da rabin murya, na ji har numfashin mai karatun tsakanin aya da aya, abin da ban taɓa ji ba a wannan hanya. Bose ya fi zama da tabarauna, wannan gaskiya ne, kuma da kuɗi ba su da iyaka shi zan ɗauka. XM4 bai yi nisa da shi ba a kunnena, yana naɗewa ya shiga jakar kwamfutata, yana aiki da waya ko ba caji, kuma na same shi sabo a ƙasa da kuɗin sauran sosai saboda ya kwana biyu da fitowa. Shi na saya, bayan na yi gwajin manhaja da na janareto a gaban mai shago kamar yadda Alhaji ya koya mini. Malamin Kawo, abin da ya ragu ya tafi kuɗin makarantar Ummi.

Hular ce dai ban samu mafita ba, sai na koma sa gajeriya ranar Litinin da Juma'a, doguwar tana cikin jaka har in isa ofis. Baba Alhaji, ina bin ƙa'idar Ɗan Rigasa, ba na sa shi sai na gaisa da na kusa da ni. Hajiya Maman Sadiƙ, tun yanzu nake so in tanadi katifa ta biyu kafin zafin Maris ya shigo, don haka ina roƙon ki faɗa mini yadda kika gane girman da ya dace da naki, kuma ko ta yadi ta fi ta fatar roba jure gumi.

Maman Sadiƙ (Malali):
Wa alaikumus salam, Allah ya sa albarka ya kuma tsare hanya. Lambar samfurin za ka bayar, wato WH-1000XM4 cif, domin ta XM5 ba ta shiga. Ta yadi ta fi sanyi a kunne, amma tana barin ƙara ta shiga fiye da ta roba, kuma ƙurar hunturu tana kama ta. Ni ta roba na sake saya, na ɗinka mata 'yar riga ta auduga mai laushi wadda nake cirewa in wanke duk ranar Asabar.